Ranar da Dogo Ya Ajiye Filaya

Da duka suka fara haɗuwa.

Satin farko ne a ɗakin aikin kwalejin koyon sana'a, sashen wutar lantarki. Ɗalibai sun jeru gaban akwatunan wuta da aka kakkafe a bango, kowa sanye da sabuwar rigar aiki. Dogo ya miƙa hannu zai taɓa wata jar waya, sai ya ji tas a bayan hannunsa.

"Cire agogon nan!"

Ya waiwaya a fusace. Wata 'yar siririya ce da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma idonta tsaye a kansa.

"Malama, lafiya? Wutar ma a kashe take."

"Kai ka kashe ta? Ka gwada? Agogon ƙarfe a hannu, kana shafa waya kamar kan jariri."

Ya lura ba tsiwa ba ce a fuskarta, tsoro ne. Ya kwance agogon ya sa a aljihu.

Malaminsu, wanda ɗalibai suka yi wa laƙabi da Malam Fiyus saboda saurin ɗaukewar haƙurinsa, ya ga komai. "Tunda kun fara faɗa, ku ƙarasa a teburi ɗaya," in ji shi. "Daga yau ku abokan aiki ne."

Auta ake ce mata a gida, kuma sunan ya bi ta har kwaleji. Ita ce mai karatun zane, ta kalli takarda ta gaya maka inda kowace waya za ta bi. Dogo kuwa a shagon fanka da ƙwan fitila na Kawunsa ya tashi, hannunsa ya san filaya da sukudireba, amma lissafi na ba shi kashi. Ta koya masa lissafin, ya koya mata feren waya ba tare da ta yanke siraran zaren ƙarfen da ke ciki ba.

Sai da aka kusa gama shekarar farko ya tambaye ta dalilin dukan nan.

Ta juya testa, abin gwada wuta, a hannunta. "Yayana a kan falwaya ya rasu," ta ce. "Ba makaranta ya yi ba, gyare-gyare yake yi a unguwa. Ina so in san abin da ya kashe shi, don kar ya ƙara kashe wani a gabana."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Fitilata, na gode da kika faɗa min. Ki ci gaba da dukana duk ranar da na yi ganganci. Hannuna naki ne."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta amsa: "Dogona, ka bari ka ci jarrabawar lissafi tukun, sai ka fara raɗa wa mutane suna."

A shekara ta biyu, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta ya zo kwalejin neman ɗalibai. Sunan Dogo ya fito, da sharaɗin ya ci jarrabawar aiki ta ƙarshe a zama ɗaya. Murna ta sa ya ɗauki Kawunsa suka je gaishe da mahaifin Auta, su gabatar da maganar aure.

Baba ya karɓe su da mutunci, har ya yi dariya da ya ga Dogo ya sunkuya kafin ya shigo ƙofa. Hira ta yi daɗi sai da aka zo kan sana'a.

"Manyan layuka?" Baba ya maimaita. "Hawa sama ke nan?"

"E, Baba. Amma da horo, da kayan kariya."

Fuskar Baba ta rufe. "Samari, ban ga aibunka ba. Amma ni na sauko da ɗana daga kan falwaya da hannuna. Ita ma wannan da ƙyar uwarta ta shawo kaina na bar ta take karatun. Ba zan ba da ita inda kullum za ta zauna tana kallon waya tana jiran a kira ta ba. Ku yi haƙuri."

Kawu ya buɗe baki, Baba ya ɗaga hannu. Maganar ta ƙare.

Daga nan gidan ya yi wa Auta zafi. Baba ba ya faɗa, ba ya kuma dariya. Akwai ɗan abokinsa mai kantin magani, yaro mai hankali, da ya daɗe yana aiko gaisuwa. Baba bai ce dole ba, sai dai kullum zancen Mai Kemis ne a bakinsa: sana'a a inuwa, ba hawa, ba sauka. Umma na tsakiya, ta lallashi wannan ta lallashi wancan.

Wata safiya Dogo ya turo: "Na yanke shawara. Zan bar karatun in koma shagon Kawu. In dai falwaya ce matsalar Baba, na bar masa ita. Ke nake so, ba takarda ba."

Auta ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi. Ta rubuta: "In ka bar karatun nan saboda ni, to ba ni ba kai. Ba zan auri mutumin da wata rana zai kalle ni ya tuna ni na tsaya masa a hanya ba."

A safiyar ne kuma aka tashi da ruwan sama, Baba ya roƙi Mai Kemis ya sauke ta a kwaleji. Dogo na tsaye a bakin ƙofa, saƙonta na hannunsa, ya ga ta fito daga motar.

"Ashe dalili kike nema," ya ce mata a hankali, da suka haɗu a teburinsu. "Da kin faɗa min kai tsaye."

"Abin da ka ɗauke ni ke nan?"

"Idona ya gani."

"To ka riƙe abin da idonka ya gani."

Bai bar karatun ba, amma magana ta mutu a tsakaninsu. "Miƙo mita." "Ga ta." Iyakarta ke nan. Dogo ya rame, rigar aikin ta yi masa yawa. Barci ya ƙaurace masa, abinci ma sai Kawu ya tsare shi.

Ranar jarrabawar ƙarshe ta zo. Aikin na mutum biyu ne: akwatin da ke tayar da wani babban inji ya lalace, wuta mai ƙarfi ce a cikinsa. Ɗaya zai kashe wutar, ya sa wa makunnin kwaɗo, ya gwada ya tabbatar babu wuta, sannan ɗayan ya sa hannu ya nemo matsalar. Dogo ne mai kashewa, Auta ce mai sa hannu. Wakilin kamfani na zaune a gefe da biro.

Ana shirin farawa ƙofa ta buɗe. Baba ne, Umma na bayansa. Ita ta matsa masa ya zo ya ga abin da 'yarsa take koya, ko hankalinsa zai kwanta. Malam Fiyus ya ba su benci can baya.

Dogo ya gan su. Ya sa safar hannu, ya nufi jerin makunnan da ke bango. Ya ɗaga hannu kan na uku, ya tsaya. Ya koma kan na huɗu. Ya dawo na uku. Lambobin da ya haddace kamar sunansa suka rinƙa haɗewa a idonsa. Gumi ya keto masa.

"Lokaci na tafiya," in ji Malam Fiyus.

Auta ta riga ta tsaya gaban akwatin, tana jiran kalma ɗaya daga bakinsa ta sa hannu. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙugin inji daga ɗakin maƙwabta. Wani ɗalibi ya raɗa daga baya, "Kai Dogo, ja kawai mana, ai ka sani."

Dogo ya kalli makunnan, ya kalli hannayen Auta. Sai ya zare filaya daga ɗamararsa ya ajiye a kan teburi, ya cire safar ya ɗora a kai.

"Malam, ba zan iya ba yau."

"Me ka ce?"

"Hankalina ba ya jikina. Ban yi barci ba, idona na gani biyu-biyu. In na ce mata babu wuta, ban yarda da bakina ba. A ba ta wani."

"Ka san me wannan ke nufi? Ka faɗi. Sai zango mai zuwa. Gurbin kamfani kuma ya tafi."

"Na sani, Malam."

Wakilin kamfanin ya ja layi a takardarsa. Wani ya yi tsaki, wasu suka yi ƙus-ƙus. Dogo ya ratsa ta gaban Baba, kansa a ƙasa, ya fita.

Malam Fiyus da kansa ya kashe wa Auta wutar. Hawaye na bin fuskarta, amma ta sa hannu a akwatin. Ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ta samo wadda ta ƙone, ta canza ta, aka mayar da wuta, injin ya tashi. Ba ta tsaya jin tafi ba, ta yi waje da gudu.

Baba ya riga ta. Ta hango shi zaune kusa da Dogo a kan dakalin bayan ɗakin aiki, sai ta tsaya daga nesa.

"Baba, ka yi haƙuri," Dogo ke cewa. "Ka zo ganin aiki, ka ga abin kunya."

Baba ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya ce:

"Ranar da yayanta ya hau, zazzaɓi yake yi. Wuta ta ɗauke a unguwa, mutane suka taru a ƙofar gida suna kiransa gwani. Na ga fuskarsa, ba ya so. Amma jama'a na kallo, ya kasa cewa ba zai iya ba." Ya share ido da bakin riga. "Kai yau abokanka na kallo, mai ba ka aiki na kallo, ni da na hana ka ina kallo. Ka ce ba za ka iya ba."

Dogo ya kasa ɗago kai.

"Tsoro bai bar ni ba, samari, kuma ba na jin zai bar ni. Amma ka koma ka ci jarrabawarka. In ka ci, ka ce wa Kawunka ina nemansa."

Ya tashi, ya ga Auta, ya wuce ta yana gyaran murya kamar bai gan ta ba.

Ta zo ta tsaya a kan Dogo. "Mai Kemis sau ɗaya ya sauke ni, saboda ruwa. A cikin motar na gaya masa ina da wanda nake so. Har addu'a ya yi mana."

"Fitilata, na yi wauta."

"Ka yi babba. Tashi ka ci abinci, ka zama kamar sandar rake."

Zango na gaba Dogo ya ci jarrabawar. Gurbin farko ya tafi, sai da ya yi 'yan watanni a shagon Kawu kafin kamfanin ya sake kira, kuma wakilin nan ne da kansa ya nemi a kawo masa "dogon yaron da ya ajiye kaya". Auta ta samu aiki a masana'antar ƙanƙara, ita ke kula da injinansu.

Ranar ɗaurin auren, Malam Fiyus ya zo da babbar riga, har aka gan shi yana dariya, ɗalibai suka ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Da aka watse, Baba ya kira su biyun cikin ɗaki. Ya kama hannun Dogo, ya kama na Auta, ya haɗa a cikin nasa.

"Ku biyu kullum za ku fita wurin abin da nake tsoro," ya ce. "Allah ya fitar da ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ku tsufa tare, ku ne za ku binne ni, ba ni zan binne ku ba."

Umma ta ce amin tana kuka. Auta ta kifa kai a gwiwar Baba. Dogo ya durƙusa a gefenta, ya ce amin, ya ƙara cewa amin.