Wayar da Ba Ta Gulma

"Wannan wayar taki munafuka ce, Auta."

Auta ta ɗago daga bencin da take zaune a shagon gyaran waya, ta harare shi cikin wasa. "Daga kawo gyaran gilashi sai zagi, Injiniya?"

"Ni na isa in zage ki, ranki ya daɗe? Matso ki gani."

Ya juyo mata da fuskar wayar. Taswira ce, wani shuɗin zare ya kewaye ta ko'ina. Ga gidansu, ga shagon maganin da take aiki, ga ma kwanar da take tsayawa jiran mota.

"Duk inda kika taka sai ta rubuta, ta kai wa kamfanin da ya ƙera ta. Kina barci tana kai gulmarki."

Ta fizge wayar, idonta yana neman wuri ɗaya tak, can bayan inda ake yankan katako. Zaren bai kai can ba. Sai a lokacin ta saki numfashi.

A can Yaya take ɓoye, ita da ƴar ƙaramar ɗiyarta, a wani ɗaki da wata tsohuwa ta ba su. Yaya ta gudo daga gidan mijinta da karyayyen hannu, ta karya layin wayarta ta zubar a kwata. Duk duniya Auta kaɗai ta san ɗakin. Ko Mama ba a gaya mata ba, don Mama ba ta iya riƙe magana in Kawu ya ɗaure fuska, shi kuwa Kawu tun rasuwar mahaifinsu maganin kowace cuta a wurinsa haƙuri ne. Shi ya sa duk ranar hutunta Auta takan jefa wayarta a durowa kafin ta kama hanya.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai," in ji Injiniya, yana tsintar ƙananan kusoshi yana zubawa a murfin kwalba. "Ranar hutunki wayar ba ta motsi daga gida. In na kira kuma ba kya ɗauka."

"Barci nake yi."

"Tun safe har yamma?"

"Gajiyar mako ce..."

Ya yi murmushi. Ba wani injiniya ba ne, ƴan layin ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, ya kuma bi shi. Amma hannunsa yana da kyau, bakinsa ya fi hannun. In ya fara wa'azin manhaja mai ƴanci, wadda ba ta da ubangida, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara, sai ka rantse a kanta za a tashe shi. Auta ba ta fahimtar rabin abin da yake faɗa, ita dai tana son yadda idonsa ke haske in yana faɗa.

"Bar min ita, hasken idona. Zan kwashe kayan kamfanin kaf, in zuba miki mai ƴanci. Daga ranar babu mai bin sawunki."

Da ta dawo karɓa ya miƙo mata da hannu biyu kamar sabon jariri. Komai na ciki ya sauya. Babu talla, babu taswirar nan mai zare.

"Wannan ba ta gulma," ya ce. "A buɗe take, duk abin da aka rubuta a cikinta kowa na iya karantawa."

"Har ni?"

"In kin iya karatun."

"Ban iya ba."

"Ni na iya. Ai kina da ni."

Maganar ta yi mata daɗi har cikin ƙashi. So hana ganin laifi, ina ta ga ta tsayawa ta juya maganar ta ga bayanta.

A gida kuwa ba a ko son jin sunansa. Ranar da Mama ta gwada kai maganarsa gaban Kawu, tsaki ya ja ya ture kofin gabansa.

"Mai gyaran waya? Mutumin da abincinsa leƙa asirin jama'a? Ba a gidan nan ba. Ɗaya ta gudu daga gidan mutunci, ɗaya tana neman kwaso mana ɗan rumfa."

Auta ta yi kuka a ɗaki, ta kira Injiniya ta gaya masa.

"Zan san yadda zan yi Kawu ya so ni," ya ce.

Wata ranar hutu tana ɗaure wa Yaya hannu da sabon bandeji, ƴar tana wasa da kwalin magani a ƙasa, sai Yaya ta ce a hankali, "Muryar Mama nake son ji, Auta. Ko tarinta ne."

Wannan maganar ce ta hana Auta sakat. Mako na zagayowa ta zauna kusa da Mama tana tsintar shinkafa, ta ja ta da hira, ta naɗi muryarta a waya. Da ta zo fita ta buɗe durowar kamar kullum, ta tsaya. Ta dubi wayar. Ai wannan ba ta gulma. Ta jefa ta a jaka.

Yaya ta kara wayar a kunne ta saurara, ta maimaita, ta sake maimaitawa, hawaye yana bin kumatunta tana dariya. Ƴar ta fizge tana kiran kakarta, tana jiran a amsa mata. Auta ba ta taɓa jin ta yi abin kirki a rayuwarta kamar ranar ba. Daga nan wayar ta zama ƴar rakiya.

Ana cikin haka ta hango mijin Yaya yana fitowa daga shagon Injiniya. Mutum ne mai fara'a, mai gaida yaro da babba, irin wanda in ka ce ya karya hannun matarsa kai za a yi wa kallon mahaukaci.

"Me ya kawo shi wurinka?"

"Caja ya saya." Injiniya bai ɗago daga fitilar aikinsa ba. "Jiya ina kika je?"

"Ina gida."

"Gida," ya maimaita. Ƙarfen narka dalma yana hayaƙi a hannunsa, ya manta da shi.

Ranar da abin ya faru rana tsaka ce. Auta na taje wa ƴar kai, Yaya na wanke kofuna da hannu ɗaya. Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, cikin ladabi. Yaya ta ɗauka tsohuwar mai gidan ce, ta buɗe.

Mijinta ne, da murmushinsa. Kawu na bayansa. Can baya kuma, jikin bango, Injiniya ne riƙe da waya, wani jan ɗigo yana ƙiftawa a fuskarta.

Kofin ya suɓuce daga hannun Yaya.

Injiniya ya kutso kai yana raba ido, ya leƙa bayan ƙofa, ya dubi katifar da ke ƙasa. Namiji yake nema. Abin da ya samu mace ce mai bandeji da yarinya da rabin kitso.

"Ni ban zo tilasta wa kowa ba," in ji mijin Yaya. Ya durƙusa ya buɗe hannuwa. "Ƴata na zo ɗauka. Zo wurin Baba, ga alewa a mota."

Auta ta ƙanƙame yarinyar. "Kawu, ka dubi hannunta. Don Allah ka dubi hannun Yaya."

"Sakar masa ƴarsa, mara kunya. Ashe ke ce kike raba aure muna zaune."

Kawu da kansa ya ɓamɓare yatsunta. Mijin ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya fita, ko kallon matarsa bai yi ba. Ya san abin da ya ɗauka. Yaya ta tsaya tana jin kukan ƴar yana nisa, sannan ta jawo mayafinta da hannu mai lafiyar. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ke kaɗai na gaya wa, Auta."

Ba ta jira amsa ba, ta bi motar da sauri tun kafin a tayar.

Da yamma Kawu ya shigo gida da fara'ar da aka daɗe ba a gani ba. Ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce wa Mama, "Yaron nan mai waya ashe ɗan halas ne. Shi ya gyara mana wannan ɓarakar. Ki ce ya turo manyansa, na ba shi."

Mama ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Auta tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta ji abin da ta yi watanni tana roƙon Allah ya zo mata, amma sai ta juya ta shige ciki ta turo ƙofar.

Washegari ta je shagon. Yana ganinta ya miƙe har yana ture murfin kusoshin, suka watse a ƙasa.

"Auta, ki tsaya ki ji..."

Ta ajiye wayar a kan teburinsa. "Yaushe ka sa mata abin bin sawu?"

"Hasken idona..."

"Yaushe?"

"Tun ranar da na zuba manhajar. Don ko an sace ne, wallahi. Ban yi niyyar dubawa ba."

"Amma ka duba."

"Kina min ƙarya! Kina cewa barci kike, ga ɗigo yana tafiya bayan masu katako. Mijin Yaya kuma ya zo ya ce ya sha ganinki da wani, ya ce in na nuna masa gidan zai shige min gaba wurin Kawu. Me kike so in yi tunani?"

"Ka tambaye ni."

"Na tambaya, kin ɓoye."

"Na ɓoye, don ba asirina ba ne." Muryarta ba ta ko rawa, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. "Ka ce babu mai bin sawuna."

"Kamfani nake nufi. Manhajar ba ta da laifi, a buɗe take, da kin duba da kin gani..."

"Ka san ban iya ba. Kai ka ce ina da kai." Ta yi wata ƴar dariya mara daɗi. "Waccan da ka kira munafuka, na san halinta, ina rufe ta a durowa. Kamfanin bai san Yaya ba, bai san hannunta ba. Kai ka kore shi ka zauna a kujerarsa, sannan ka ce in saki jiki."

Ya zagayo ya durƙusa a gabanta, a kan kusoshin, masu shagunan kusa suna leƙe.

"So ne ya sa, Auta. Kishi ne. Wanda bai damu da ke ba ina ruwansa da inda kika je? Yanzu fa Kawu ya yarda. Abin da muke nema ya samu. Zan cire, a gabanki zan cire, ki gani da idonki."

"In gani da wane idon?"

Tana sonsa har a lokacin, wannan ne abin takaicin. Zuciya ba waya ba ce da za a kwashe kayan cikinta a zuba wasu. Ta zare layinta, ta tura masa wayar.

"Riƙe. In ka ji kewata ka buɗe taswirarka, za ka gan ni a shagonka kullum, ba na zuwa ko'ina. Irin matar da kake so ke nan."

"Auta, kar ki yi min haka..."

Ta fita. Ya kira ta har ta sha kwana, ba ta waiwaya ba. Da ya turo manyan nasa, ita da kanta ta fito ta gaishe su, ta ce su yi haƙuri. Kawu ya yi rantsuwa ya yi faɗa, ya daina amsa gaisuwarta. Ta bar shi da abinsa.

Ranar hutunta ta gaba ta haɗa bandeji da maganin ciwo a leda, ta tafi gidan mijin Yaya. Ƙofar ƙarfe ce babba, da kwaɗo ta waje. Ta daɗe tana bugawa kafin ƙaramar tagar da ke jikin ƙofar ta buɗe. Rabin fuskar Yaya ya bayyana. Idon da ke wannan rabin ya kumbura, sabon kumburi ne.

"Ba ya nan," in ji Yaya. "Ya tafi da mukullin."

Auta ta tura ledar ta tagar. Daga ciki tana jiyo ƴar tana waƙa ita kaɗai.

"Yaya, ki yafe min. Wayar ce. Shi ya sa mata abin bin sawu, ban sani ba."

"Na ji labari." Yaya ta karɓi ledar da hannu mai lafiyar. Sannan ta ce, "An ce Kawu ya ba shi ke."

"Na ƙi."

"Me ya ce da kika tambaye shi?"

Auta ta share hawaye da bayan hannu. "Ya ce so ne ya sa."

Yaya ta gyaɗa kai a hankali, ta kai hannu kan tagar za ta rufe.

"Haka nawa ma yake cewa."