Sawun Inna a Kan Siminti

"Riƙe wuyana, Maigida. Bismillah!"

Ta cusa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya ƙarƙashin ƙugunsa, ta juya shi ɓangaren hagu, ta tokare bayansa da matashi. Ta ɗaga rigarsa ta duba. Jan tabon nan na gadon bayansa ya fashe, ya fara ruwa.

Guguwa ake kiransa, don in ya shiga rawa a fim ido ba ya iya bin ƙafafunsa. Wata bakwai ke nan da mota ta kife da shi a hanyar dawowa daga aiki. Daga ƙugu zuwa ƙasa, ko allura aka soka masa ba ya ji. Matarsa kuwa 'yar magini ce, da ɗaukar bulo ta girma, shi ya sa take ɗaga ƙato ita kaɗai ba ta nishi. Shekararsu ɗaya da aure abin ya same su.

Yayansa, wanda shi ne manajansa, ya faɗo ɗakin da waya a hannu yana washe baki.

"Ƙanena, duba nan! Na yi fostin ɗin hotonka na bara, na ce kana ƙasar waje kana shirya sabon fim. Laik dubu arba'in, wallahi!"

Guguwa ya juya fuskarsa bango.

"Yaya," in ji matar, "bayansa ya fashe. Likita cewa ya yi a riƙa kai shi gashin ƙashi a asibiti sau biyu a mako, ya kuma sha rana. Rabonsa da waje wata biyar. Matakala uku ce kawai a ƙofar gidan nan ta hana keken guragu fita. Baba ya ce in an yarda, yini ɗaya zai zuba mana gangare."

Ashe Inna, uwar mijin, tana bakin ƙofa.

"Gangare? A ƙofar gidana? Ki ce allon sanarwa za ki kafa mana! Duk wanda ya wuce ya san akwai gurgu a ciki. Ɗan da na haifa, wanda ake rufe titi in ya fito, shi za ki tura a keke 'yan waya su ɗauka su yi ta dariya?"

"Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ruɓewa yake yi a ɗakin nan."

"Rufe min baki! In kin gaji da jinya ki faɗa. Mu rufin asiri muke yi har ya miƙe."

Da suka fita matar ta durƙusa gaban gadon. "Kai me ka ce?"

Ya ce, "Gara su tuna ni ina tsaye."

"Ni fa? Ni da nake ganinka a kwance, ka ga na rage komai?"

Hawaye ya gangara ya shige kunnensa, ta sa bakin mayafi ta share.

Ta ƙara haƙuri mako uku. Tana wanke gyambon safe da yamma, shi kuwa yana ƙara faɗi, har ya kai tafin hannu. Ranar da Inna ta tafi dubiyar ƙanwarta, Yaya kuma yana ofis, ta kira ubanta. Tsohon ya zo da buhun siminti biyu da cebur, ita ta kwaɓa, shi ya zuba ya shafe. Ya ce kwana uku kada kowa ya taka.

Kafin ya wanke cebur sai ga Inna. Ta tsaya, ta kalli gangaren, ta kalli maƙwabta da ke leƙe. Ta cire takalmi ta dangwara ƙafarta a tsakiyar ɗanyen simintin, har idon sawu.

Ta shiga ɗakin ɗanta tana ɗiga laka. "Ko ni ko ita! Ka zaɓa yanzu!"

Matar tana tsaye, hannayenta fari fat da siminti. Ba ta roƙi kowa ba, shi kawai take kallo.

"Ki tafi gidanku," ya faɗa yana kallon rufin ɗaki.

"Maigida..."

"Na ce ki tafi!"

Ba ta yi ihu ba. Ta jera magunguna a kan tebur, ta dubi Yaya, wanda dawowarsa ke nan daga ofis. "Duk awa biyu ake juya shi. Kada a bar zanin gadon ya yi ninki. Ba ya jin zafi, don haka a taɓa ruwan wanka da hannu tukuna." Sai da ta fita titi kukan ya ƙwace mata. Ubanta ya ɗauki ceburinsa ya bi bayanta.

Yaya ya ce fasa gangaren da guduma zai ƙara tara jama'a, sai suka rufe shi da tsohon buhu da kwali. Juyin awa biyu ya koma sau biyu a yini, don Inna ba ta iya ɗaga shi, Yaya kuma waya ba ta barinsa. Ɗaki ya fara wari.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wata mai bin labaran 'yan fim ta gano hoton na bara ne, ta tambaya a shafinta: wa ya ga Guguwa da idonsa cikin wata takwas? Kafin azahar labari ya rikiɗe, wai ya rasu tun ranar haɗarin, danginsa suka ɓoye.

Washegari titi ya cika. Mata suna kuka, samari riƙe da hotonsa. Inna ta leƙo, wata tsohuwa ta kama hannunta ta ce, "Sannu da rashi, baiwar Allah. Allah ya jiƙansa."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ɗanta yana numfashi a bayan labule, ga mutane suna yi mata ta'aziyyarsa. Ba mota ce ta binne shi ba, ta sani.

Shi ma yana ji. "Yaya," ya ce, "ɗora ni a keke."

"Haba ƙanena, bari in yi bidiyo in ƙaryata..."

"Ɗora ni, na ce!"

Inna ce da kanta ta yaye buhun da kwalin. Keke ya gangara sumul, sai a tsakiya taya ta faɗa sawunta ta yi tsalle, har ya kusa kifewa. Ta tare shi da ƙirjinta tana kuka.

Wayoyi sun ɗaga, ba zan ɓoye muku ba, har akwai marasa tarbiyyar da suka yi dariya. Amma mai facin taya na bakin layi ya share ido ya ce, "Au, dama wannan ne kawai? Inna, ai da kin yi magana da mun riƙa ɗauko shi kullum!"

"Ku tura ni gidan magini," in ji Guguwa.

Sun same ta tana tankaɗe wa ubanta yashi, ta rame kamar ita ce majinyaciyar. Da ta gan shi a rana, a titi, rariyar ta suɓuce mata.

"Na fito," ya ce. "Ta hanyar da kika gina na fito. Ba ni da ƙafar durƙusa miki, da na durƙusa."

Inna ba ta taɓa ba ɗan Adam haƙuri ba a rayuwarta. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. "'Yata... ban iya juya shi ba."

Matar ta wanke hannu, ta zagaya ta ɗaga rigarsa ta baya. Abin da ta gani ya sa ta toshe baki, kafaɗunta suna girgiza. Sai ta kama keken. "Asibiti tukuna. Magana daga baya."

Bai sake takawa ba har yau, kada wani ya yi muku ƙarya. Gyambon ya ɗauki wata shida kafin ya rufe. Yanzu daga kan keke yake tsara wa yara rawa da tafi da tsawa, in an kunna kiɗan da ya fi so kuma sai ya ce a kashe.

Magini ya zo da siminti a kwano zai cike ramin sawun, Inna ta hana. "Bar min shi in riƙa gani." Sai matar ta koyi kauce masa da taya.

To 'yan mata, ku ji da kyau. So ba hoto ba ne, so shi ne hannun da zai juya mutum duk awa biyu. Ku kuma iyaye, ciwo ba abin kunya ba ne. Wanda ya rufe nasa da buhu don tsoron bakin mutane, bakin nan ne zai zo ya yi masa ta'aziyyar mai rai.