Ganyen Tsamiya a Bayan Tirela

Ranar Alhamis ce, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, rana tana dab da faɗuwa. Tasi'u direba ya ɗauko shanu cike da tirela zai kai kara, kasuwar shanu ta Wudil, don su kwana a can kafin kasuwar Juma'a. A gefensa akwai mai shanun, Babba, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mutum mai ƙiba da farar babbar riga. Tun da suka taso yake ɓare dafaffiyar gyaɗa yana zolayar direban.

"Kai, da jaki na hau da tuni na yi la'asar a Wudil," in ji Babba.

"Jakin da zai ɗauke ka ba a haife shi ba tukuna."

Sun wuce Darki da kaɗan Tasi'u ya taka birki, ya ji ya yi laushi kamar ya taka tuwo. Ya kasa kunne. Ƙarƙashin motar wani abu yana huci, siriri, ba ya yankewa. Ya dubi agogon iska, allurar tana sauka. Wani tiyon iskar birki ya fashe, kuma idan iskar ta ƙare birki ya ƙare.

"Babba, ajiye gyaɗar nan."

Babba ya dubi fuskarsa, ya ajiye.

Tasi'u ya tsufa a kan hanya, ya san abin da ke kashe direbobi a irin wannan hali: gaggawa. Bai danna birki ba. Ya kunna sigina, ya duba madubi, ya fara rage giya ɗaya bayan ɗaya, injin yana gurnani. Idonsa yana gefen titi. Da damina baƙar ƙasa tana haɗiye taya, kuma motar shanu idan ta karkata, shanun kan zube gefe guda su ƙarasa kifar da ita. Jan burji yake nema, mai tauri, wanda bai yi ƙasa da kwalta sosai ba.

Ya same shi a gindin wata ƙatuwar tsamiya, a farkon gangara. Ya sauke tayoyin dama a hankali, ya riƙe sitiyari miƙe, ya bar nauyin ya bi shi. Ƙahoni suka yi ta bugun katako a baya. Sai da motar ta kusa tsayawa da kanta sannan ya taka birki sau ɗaya, ya riƙe.

Wurin shimfiɗaɗɗe ne, busasshe, ga inuwa. Babu ɗigon baƙin mai ko ɗaya a ƙasa, babu sawun taya. A hanyar da manyan motoci ke bi dare da rana, wuri mai kyau irin wannan da babu wanda ya taɓa tsayawa ya kamata ya sa mutum tunani. Tasi'u ya lura, amma ba shi da iskar neman wani wurin.

Ya kashe injin, ya bar ta a giya. Birkin hannun motar ya daɗe ba ya riƙe kaya a gangara, don haka bai ɗaga ƙafarsa ba. A ƙasan gangarar, daidai inda kan motar ya dosa, akwai ɗan masallaci na bakin hanya. An kira magariba, sahu ya cika har ya fito waje, kan tabarmi, dab da burji.

"Sauka ka sa weji," in ji Tasi'u. "Sannan ka samo ganye ka jera a baya. Gindin motar bai gama fita daga kwalta ba, duhu na zuwa."

Babba ya sauka da nishi. Ya cusa katakon wejin a gaban taya, ya zaro adda. Akwai darbejiya a tsallaken titi, amma sai an tsallaka, kuma Babba ba mai son tsallakawa ba ne. Ga rassa suna lilo a saman kansa. Kowane ɗan Wudil ya san ba a saran tsamiya da magariba. Babba ma ya sani. Ya sara, ko bisimilla bai yi ba, ya jera rassan a kan kwalta nesa-nesa yadda direbobi ke yi, ya dawo ya hau yana share gumi.

"Wane ganye ka sa?"

"Ganye dai ganye ne, malam direba."

Sai shanun suka yi tsit.

Babu kuka, babu bugun ƙaho, babu ko numfashi. Warin kashin shanu da na gas ya ɗauke. Wani ƙamshi ya cika kan motar, mai tsami, irin na jiƙaƙƙiyar tsamiya a ƙwarya.

Giya ta fita da kanta. Suka ji ƙarar, ƙwas.

Motar ta motsa.

"Ba ka sa wejin ba?"

"Wallahi na sa!"

Babba ya kai hannu zai buɗe ƙofa, hannunsa ya taɓa katako. Wejin yana kan kujera tsakaninsu, da danshin ƙasa a jikinsa.

Tasi'u ya ƙara danna birki da duk ƙarfinsa. Motar ta tsaya, tana rawa. Ya murɗa makulli, injin bai ko yi tari ba. Ya kama sitiyari zai juya kan motar zuwa rami, gara shi da shanun su tafi, amma sitiyarin ya ƙi ko gezau, kamar an dasa shi. Ya danna ham. Shiru. A ƙasa liman ya tayar da salla.

Wani ya yi sallama a tagarsa.

Tagar tirela ta fi tsawon mutum a tsaye. Wata tsohuwa ce, ba ta taka komai ba, amma fuskarta tana daidai da tasa. Fatarta baƙa ce, a tsattsage kamar ɓawon itace, ta yafa tsohon zane.

"Wa ya yaye mana rufin ɗaki," ta ce a hankali, "yara suna cin abinci?"

Babba ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa, yana haɗa farkon wannan da ƙarshen wancan.

"Iya, kuskure ne," in ji Tasi'u. "Za a mayar."

"A mayar. Duka."

"Babba, sauka."

"Tasi'u, ƙafafuna..."

"Sauka, don Allah! Dubi mutanen can!"

Babba ya faɗo daga motar, ya ruga baya. Tasi'u yana ganinsa a madubi yana tsintar rassa, yana rungumewa. Can nesa fitilun wata bas suka ɓullo, a guje, kuma yanzu babu abin da zai gaya wa direbanta akwai mota a gaba. Babba ya zubar da rassan a gindin tsamiya, ya tuɓe farar rigarsa, ya koma tsakiyar titi yana kaɗa ta sama yana ihu. Bas ɗin ta kauce da ƙarar taya, ta wuce da zagi.

Reshe ɗaya ya rage a kwalta. Bas ɗin ta bi ta kansa.

Babba ya ɗago shi. Ya niƙe, sai zare-zare.

"Wannan," in ji tsohuwar, "na kan gadon autana ne."

Allurar agogon iska ta kwanta a ƙasa. Hucin ya tsaya.

Motar ta fara tafiya. A hankali. Tsakuwa tana fashewa ƙarƙashin taya, ɗaya bayan ɗaya.

Sahu ya yi sujada. Tasi'u yana hango tafin ƙafafunsu, da takalman da suka jera a bakin burji.

Ya ɗaga jikinsa daga kujera, ya tsaya a kan birkin da babu komai a cikinsa. Hawaye suna shiga bakinsa.

"Iya, waɗancan ba su sare miki komai ba."

Motar ta ci gaba da gangarawa.

"Ki ɗauki abin da kika ga dama a cikin motar nan. Ki bar su su sallame."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, kamar mai taya saniya. Sannan hannunta ya shigo ta taga, ya yi ta shigowa, ya wuce sitiyari, ya sauka a kan gwiwarsa ta dama. Sanyi kamar ruwan randa.

"To, riƙe," ta ce.

Motar ta tsaya cak.

Wani bijimi ya yi kuka a baya, sauran suka amsa. Warin kashin shanu ya dawo. A ƙasa liman ya yi sallama dama da hagu, mutane suka fara neman takalmansu. Wani mai shayi ya ɗaga kai ya dubi tirelar, ya ci gaba da fifita wutarsa.

Babba ne ya sa wejin, ya ƙara da duwatsu, ya tsallaka titi ya karyo darbejiya da hannunsa. Da ya dawo ya ce wa Tasi'u ya ɗaga ƙafa, an gama. Sai da mutum biyu suka ciro shi daga kujerar.

An kai shi asibiti a Kano, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Ƙafar ta sandare daga gwiwa zuwa ƙasa, tafin ya miƙe gaba, yatsun a danne. Ya bar tuƙi. Yanzu yana zama a ƙofar gidansa a Sabon Gari, Babba yana zuwa kullum da cefane, ya zauna a gefensa. Wasan da ke tsakaninsu tun suna yara bai ƙara dawowa ba.

Bara Babba ya kawo wani mai ɗori da ya yi suna, wanda ya shafa ƙafar ya ce zai iya lanƙwasa ta a zama guda. Matarsa Barakatu ta yi ta roƙonsa ya yarda. Tasi'u ya janye ƙafar, ya rufe ta da zane.

"Cewa ta yi in riƙe," ya ce. "Ba ta ce in saki ba. Idan na ɗaga, ban san abin da zai gangara ba."