Wa Zai Taka Kwaɓin Baba?

Ruwan sama ne fa ya koro Chizuru cikin ɗan gidan abincin Italiya da ke ƙarshen layin kasuwarmu a Takamatsu, mai tebur shida kacal. Wajen biyu da rabi ne, ta rufe shagon babanta na udon, taliyar nan tamu mai kauri, ke nan, ƙafafunta har zogi suke saboda taka kwaɓin udon na gobe. Ta ce a ba ta taliya mai tumatir da tafarnuwa.

Yunwa ta sa ta manta inda take, ta ja taliyar nan zuuut kamar tana gida. Wasu mata biyu suka waiwayo. Kunya kamar ta nutse.

Sai ga mai girkin ya fito daga kicin, dogo, hannunsa duk fulawa, ya ajiye mata tsinken cin abinci kusa da faranti.

"'Yar gidan udon ce, ko?"

"Yi haƙuri, mantawa na yi."

"Haƙurin me? Shekarata biyu a nan, ba wanda ya taɓa yaba girkina da ƙarfi haka. Ci gaba abinki."

Shinpei sunansa. Ai kuwa daga ranar, duk Talata tana can, waya kuma ba ta hutawa.

"Chi-chan, yau na ƙona miya ina tuna yadda kike lumshe ido kafin lomar farko. Zo ki ga ɓarnar da kika yi."

"Mai tumatir ɗina, kar ka ɗora min laifi. Ina tafe, ka riƙe min teburin jikin taga."

To, matsalar, ita kaɗai babanta Kozai-san ya haifa, shagon kuma tun na kakansa ne. Tuni ya gama nasa lissafin: akwai Noboru, ɗa na biyu a gidan wani mai udon a garin Marugame, wanda ya yarda ya aure ta, ya shigo gidan, ya ɗauki sunan Kozai, ya gaji shago. Da Chizuru ta yi masa zancen Shinpei, ko ɗagowa bai yi daga tukunyar romo ba.

"Mai taliyar da ake naɗewa a cokali? In kin bi shi, wa zai taka min kwaɓi?"

Ta nufi wurin aikinta. Ta shimfiɗa leda a kan kwaɓin, ta hau da fararen safarta, tana takawa tana juyawa a hankali. A nan ne ta gane abin da ke cin ranta. Tana son Shinpei, amma da ta tuna ranar da wani zai tsaya a inda take tsaye, sai ta ji sam ba ta so.

Ana cikin haka Shinpei ya yi shiru. Kwana huɗu gidan abincin a rufe, takarda manne a ƙofa. Noboru ya zo shan romo yana murmushi.

"Naki ya tattara cokulansa ya gudu, na ji an ce."

Ta share tebur ba ta kula shi ba, amma da ta shiga ciki ta rubuta wa Shinpei:

"In ka fasa ne, ka faɗa min da bakinka. Zan iya ɗauka."

Amsa ba ta daɗe ba.

"Ina ƙauye wajen Mama, na je roƙon ta wani abu. Ban so in yi miki alkawari ban samu izininta ba. Ki kawo min Baba ranar Talata, Chi-chan. Ko da jan hannu ne."

Kusan da jan hannun ta kawo shi. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta biki da makoki, ya zauna a miƙe, ya ture cokali mai yatsu gefe ya ɗauki tsinke. Ya ci loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa.

"Da hannu ka murza?"

"E, Kozai-san."

"Ba laifi. Amma ba udon ba ce."

Shinpei ya cire hular girki ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

"Mama ta yarda in ɗauki sunan Kozai, yayana na nan zai riƙe namu. Sai dai ba zan yi maka ƙarya ba, ban iya udon ba, kuma ba zan bar kicin ɗin nan ba."

"To me suna zai yi min in ba mai taka kwaɓi?"

Chizuru ta ji maganar ta fito mata kafin ta shirya.

"Baba, shekara uku ke nan da gwiwarka ta ƙi. Wa ke takawa? Wa ke ƙara gishiri in zafi ya shigo, ya rage in sanyi ya zo? Akwai wanda ya taɓa ce maka ɗanɗano ya canza?"

Tsohon ya ajiye tsinken. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunta a ƙarƙashin tebur, kamar yau ya fara ganin su.

"Na ɗauka taya ni kike yi kafin ki tafi," ya ce a hankali.

"Ni ma haka na ɗauka. Ashe ba na son tafiya."

Baba ya sake ɗaukar tsinken. Ya cinye taliyar tas, ya goge sauran miyar da burodi, ya tura farantin gaban Shinpei.

"Ƙaro min. Kuma ka rage tafarnuwar nan, ba magani nake sha ba."

"To, Kozai-san."

"Baba za ka ce. Ka kwashe min suna, ka tsaya kana kira na da shi kamar baƙo."

An yi bikin auren lokacin da furanni suka buɗe. Daga wurin ibada kowa ya yo gidan abincin, tebur shida ba su isa ba, sai da muka fito da na gidajenmu muka jera a layi. Ni ma, maƙwabciyarsu, ina can da jaririyata a baya, ina cin udon a kwano ɗaya, taliyar ango a ɗayan. Har Noboru ya zo, ya ci faranti biyu, ya ce a yafe masa bakinsa.

Washegari da safe Baba ya ɗauko labulen ƙofar shago, mai sunan gidan, wanda shekara arba'in shi kaɗai ke rataya shi. Ya miƙa wa Chizuru, ya koma gefe ya zauna a kujera.

"Ya karkace ta hagu," ya ce.

Ta gyara.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a masu ƙarfin ƙafa, ya bar mana su a layinmu.