Zane Bakwai Kafin Ƙarfe Huɗu

"Ina zanena?!"

Muryata ta karaɗe zauren, har matar da ke goge tagogi ta saki tsumma.

Bangon da aka ware mini fayau yake, sai ƙusoshi bakwai. Jiya da hannuna na rataye zane bakwai a wurin, aikin wata biyar, kuma yau da ƙarfe huɗu za a buɗe baje kolin cikar gidan buga zanenmu shekara ashirin.

Sakatariyar gidan ta ɗago daga kan katunan gayyata tana wani murmushi.

"Ni kike tambaya? Ki leƙa sito mana."

A can na same su, wajen ƙarfe tara. An zare su daga firam an zube a ƙasa, galan ɗin kalanzir da muke wanke rolar shafa tawada da shi ya kife a kansu. Tawada ta narke, fuskokin matan da na zana sun koma baƙin kwata.

Na durƙusa... amma hawaye ya ƙi zuwa.

Gidan nan tsohon gareji ne. Malam ya kafa shi ba don riba ba, duk wanda ya zo za a koya masa kyauta yadda ake sassaƙa zane a katako, a shafa tawada, a buga a takarda. Shekara huɗu da suka wuce na shigo, aurena ya mutu, ko ido ba na iya haɗawa da mutane. A nan na sake zama mutum. A nan kuma na haɗu da Kafinta, mai yi mana firam, wanda ya yi shekara guda yana auna katako ɗaya a gefen teburina kafin ya iya cewa yana sona.

Mamansa ce ta ce atafau ɗanta ba zai fara da bazawara ba. Ga Sakatariya, 'yar aminiyarta, budurwa.

Sati uku ke nan ban kula shi ba.

"Innalillahi..." Malam ya faɗa a bayana, yana dafe da sandarsa. "'Yata, ki yi haƙuri. Sai mu rufe bangon da labule."

"Ba za a rufe ba, Malam. Katakan da na sassaƙa suna nan. Zan sake bugawa."

"Da wane inji? Jiya aka wanke shi aka kai zaure don baje kolin, an ɗaura masa ƙyalle."

"Ba kai ka ce kafin ka sami inji da bayan cokali kake bugawa ba?"

Ya kalle ni, ya yi dariya har da tari. Ya buɗe durowarsa ya miƙo mini takardun da yake ɓoyo, ya aika aka kawo cokali.

Na ɗaura atamfar aiki. Na murza tawada da rola, na shafe katako na farko, na ɗora takarda, na kama gurzawa da bayan cokali. Zane ɗaya minti arba'in, in hannu bai gaza ba.

Ina kan na biyu na ji ƙamshin turaren Kafinta.

"Sahibata..."

"Wanda ya kasa buɗe baki a gaban Mama ba shi da sahiba. Riƙe mini gefen takardar nan, kada ta zame."

Ya riƙe. Na ƙi ɗagowa.

"Na buɗe bakin," ya ce a hankali. "Jiya na durƙusa na ce mata ba zan saɓa mata ba, amma in ba ke ba, na haƙura da aure."

Cokalin ya tsaya a hannuna.

"Me ta ce?"

"Ta ce za ta zo ta ga wadda ta juya mini kai."

"To ta zo. Danne nan da kyau!"

"Hasken idona, hannunki ya fara kumbura, bar ni in..."

"Zanena ne. Kai dai nemo igiya, tawada ba za ta bushe ba balle a sa a firam. Shanya su za mu yi."

Ƙarfe biyu da rabi, ina kan na shida, gumi ya jiƙa ɗankwalina, tafina ya yi bororo ya fashe. Sai ga Sakatariya ta shigo riƙe da jakar wata dattijuwa da ke biye da ita, Maman Kafinta.

"Mama, ga ta nan. Kin ga abin da nake faɗa miki ko? Sakaci! Ko aikinta ba ta iya adanawa, ina ga miji?"

Na durƙusa na gaida Mama.

"Mama, ki gafarce ni, in na tsaya tawada za ta daskare."

"Ci gaba," ta ce, ba fara'a. Ta ja kujera ta zauna tana kallon hannuna. "An ce saboda wannan aikin kika kashe aurenki."

"Aurena ya mutu da shekara guda kafin in san ƙofar gidan nan. Duka ne ya fitar da ni, Mama. Babana ne ya zo da kansa ya ɗauke ni daga asibiti."

Mama ta kalli ɗanta. Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Yaushe kika ga zanen naki sun lalace?" Mama ta tambaye ni.

"Wajen tara."

"Kafin nan wa ya sani?"

"Babu kowa," in ji Malam daga bakin ƙofa. "Ni ma a wurinta na gani."

Mama ta juya a hankali ta dubi Sakatariya.

"Ke kuma ƙarfe bakwai kika kira ni, kika ce kalanzir ya cinye su. Wa ya gaya miki?"

"Mama, ni... ai zato na yi..."

"Zato har da kalanzir? Ba ni jakata!"

Malam ya miƙa hannu. "Ni kuma makullan sito."

Ta ajiye su ta fice tana tuntuɓe, ko mayafinta ba ta gyara ba.

Na ɗaga takarda ta shida, zanen wata mai ɗinki ta duƙufa a kan kekenta, ya fito tsaf. Mama ta daɗe tana kallo. Sai ta tube awarwaronta ta zuba a jaka.

"Kai, tsayuwar me kake yi kamar an dasa ka? Ɗaura igiyar! Ke kuma kawo, ni zan shanya, na fi ku sanin shanya."

Ƙarfe huɗu saura minti biyar na ɗaga na bakwai.

Da aka buɗe ƙofa, zauren ya cika maƙil da tsofaffin ɗalibai da maƙwabta da iyayen yara. Malam ya yi jawabi har muryarsa ta karye. A gaban igiyata mutane suka fi taruwa, Kafinta na ta faman cewa, "Don Allah kada a taɓa, tawadar ɗanya ce!"

Mama ta yafito ni gefe. Ta kama tafina ta duba, ta ciro hankicinta ta ɗaure mini.

"Taurin kai gare ki."

"Haka Baba yake faɗa."

"Ni ma haka mijina ya sha faɗa, Allah ya jiƙansa." Ta ɗan murmusa. "Ki gaya wa Baban naki, ranar Asabar baffannin yaron nan za su zo."

A nan hawayen da ya ƙi zuwa tun safe ya ɓalle. Ta can gefe na hango Kafinta ya juya wa jama'a baya yana share ido da hannun riga.

Wata biyu bayan haka aka ɗaura mana aure.

Yanzu duk Talata Mama na zuwa ajin manya. Katako uku ta fasa zuwa yau, kuma ko sau ɗaya ba ta yarda laifin hannunta ba ne.

"'Yata, zo ki duba wuƙar nan," take cewa. "Wallahi mijinki bai iya wasa wuƙa ba!"