Ranar da Gwaggo Tasalla Ta Kira Sunan Ɗanta

Ana gab da kiran magariba, Ummukulsum tana kwashe tuwon masara a tsakar gida, sai wata murya ta fito daga ɗakin baya.

"Awwalu!"

Mara ta suɓuce daga hannunta. Mijinta Maiwada yana tsugune yana alwala, ya tsaya cak da buta a hannu. Sunansa ne na yanka, Muhammad Awwal, muryar kuma ta mahaifiyarsa ce. Abin da ya sanyaya musu jiki shi ne, Gwaggo Tasalla ba ta taɓa furta wannan suna ba. Ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi a Maska take jin kunyarsa irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya durƙusa gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. In magana ta zama dole, ta ce "wancan". Har ya yi furfura a haka, bai kuma taɓa ganin laifinta ba.

"Ba ita ba ce," in ji Ummukulsum cikin raɗa. "Wallahi Alhaji, ba Gwaggo ba ce."

Kwanakin baya ne tsohuwar ta faɗi a bakin rijiya, ƙugunta ya karye, aka kawo ta asibiti a Funtua aka yi mata aiki. Bayan aikin ta fara surutai. Ta fizge robar ƙarin ruwa, ta ce shanu sun shigo ƙarƙashin gadonta. Likita ya ce tsofaffi kan rikice haka bayan aiki, a bar ta a hannunsu, a yi ta ba ta ruwa, wanda ta sani ya zauna kusa da ita. Amma masu jinya a gadajen kusa, waɗanda kowaccensu ta fi likita sani, suka ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Maiwada ya ɗauko uwarsa ya kawo gida.

Suka yi abin da suka san ana yi. Suka kwantar da ita a ɗakin baya, suka toshe taga da tsohon zane, suka riƙa rufe ƙofa tun kafin rana ta faɗi don kada wani abu ya ƙara shigowa. Hayaƙin turare ya cika ɗakin. Gwaggo ba ta iya ko juyawa, ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. In an kai mata ruwa sai ta datse haƙora. Da almuru kuwa sai a ji tsakuwa tana sauka a kan kwanon ɗakin, ɗaya bayan ɗaya, a fita a duba ba kowa. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta. Gidan ya zama kamar an kife shi da ƙwarya.

Washegarin ranar da ta kira sunan, bayan la'asar, aka ɗauko Malam Abdulmutallib daga Tsiga a kan babur. Dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna a bakin tabarma ya fara karatu, Maiwada na tsaye a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa. Karatu ya yi nisa, hasken da ke ratso zanen taga ya yi ja, ya dushe. Sai tsohuwar ta buɗe ido. Muryar da ta fito daga bakinta mai kauri ce, a shaƙe.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Baƙo ne."

"Ta ina ka shiga baiwar Allah?"

"Gida na tarar a bushe, ba kowa a ƙofa. Ita ta ƙi ruwa."

"Don me ta ƙi?"

Muryar ta yi wata irin dariya marar daɗi. "In ta sha, fitsari zai kama ta. Matar gida ba ta iya ɗaga ta. Wa ya rage? Ta ce gara ƙishirwa ta kashe ta da ɗan farinta ya ɗauke ta zuwa bayan gida."

Maiwada ya dafa bango. Shi yana can yana rufe taga da ƙofa, ashe uwarsa kunyarsa ce take cinye ta.

"Fita za ka yi," in ji Malam.

"Zan fita. Amma ya zo ya ba ta ruwa da hannunsa. Kuma in na tafi, da sunan zan tafi. Bakinta ba zai ƙara faɗinsa ba."

Malam ya waiwayo. Ya matsa gefe. Maiwada ya ƙaraso da moɗa, ya tallafo kan mahaifiyarsa. Bai taɓa sanin gashinta ya yi fari haka ba. Ta kafe shi da ido, ido cikin ido, ta kama yatsunsa ta riƙe.

"Awwalu," ta ce, wannan karon a hankali. "Ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

Wane ne ya yi wannan magana, baƙon ko ita, Allah ne masani. Maiwada dai ya san cewa in ya kai moɗar bakinta, ya gama jin sunansa daga bakinta ke nan. Ya ɗan jinkirta, har ya ji kunyar jinkirin nasa. Sannan ya ce bismillah, ya ba ta. Ta sha, ta sha, ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Malam ya miƙe ya yaye zanen taga. "Nawa ya ƙare, Alhaji. Ku mayar da ita asibiti yanzu, kada ku jira gobe."

Aka mayar da ita. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi maganin zazzaɓin da ya shige ta, aka ɗauko ƙanwarta daga Maska ta zauna jinya. Likita ya ce da sun ƙara kwana da an rasa ta, kuma jinkirin ya riga ya ci ƙafar, da wuya ta sake takawa.

Wata safiya hankalinta ya dawo sarai. Ta gane ƙanwarta, ta tambayi awakinta, ta nemi carbi. Maiwada ya shigo da kunu a hannu, ya durƙusa a gefen gadon.

"Gwaggo, ina kwana? Ya jiki?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen bango.

"Ku ce wa wancan ya tafi gona," ta ce da ƙanwarta. "Masara ba ta jira."

Ya ce alhamdu lillahi, da gaske kuma yake. Ya fita ya zauna a kan benci a baranda, kunun yana hucewa a hannunsa. Har yau, in magariba ta gabato, yakan dakata da buta a hannu, ya karkata kunne wajen ɗakin baya.