Mai Ƙuraje

Ran da ta fara aikin goge faifai a masana'antar faifan ajiyar kwamfuta ta gamu da shi. Mai Ƙuraje ake ce masa, don aikinsa fitar da ƙananan ƙuraje da hasken leza a zoben cikin faifai, inda allurar karatu ke sauka in an kashe na'ura. Wurin in ya yi sumul, allura ta manne, faifai ya ƙi juyawa.

Ita ina ta san wannan? Ta ɗaga faifai tana taƙama.

"Kalli, har wani zoben datti na goge tas. Faifai cike da tire guda na yi, an wuce da su."

Ya kalli faifan, ya kalle ta. Rahoto ya kamata ya kai, bawan Allah sai ya tambaye ta lambar waya. Ya koya mata aikin, amma bai taɓa faɗa mata abin da ta goge ba.

Wata biyar suna soyayya, sai na'urori suka fara dawowa a manne. Ya ce shi ya tsallake tiren bai yi wa faifan ƙuraje ba, aka kore shi.

Babanta shi ne shugaban masu duba kaya a masana'antar. Da magabatan saurayin suka zo neman aurenta, ko ruwa ba su gama sha ba ya sallame su.

"Wanda bai riƙe tire ba, 'yata zai riƙe?"

Ta rame, ta daina cin abinci. Saƙonsa ya shigo: "Madubina, ki haƙura da ni. Aiki babu, suna ya ɓaci. Ki riƙe naki aikin."

Kwana biyu tana kuka. A na uku ta buɗe ɗaya daga cikin na'urorin da suka dawo, ta ga zoben sumul. Ta gane aikin hannunta.

Ta kai kanta ofis, aka sallame ta, shi kuma ba a mayar da shi ba. Ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, ni ce na goge."

Tsohon ya amsa, kansa a ƙasa.

"Na sani. Ni na sa wa tiren hannu ban duba ba, saboda aikinki ne. Kunyar yaron nake ji."

Aka ɗaura aure, ango da amarya ba mai aiki. Baban ya riƙe hannun surukinsa.

"Ka rufa mana asiri mu biyu. Allah ya rufa naka, ya yi muku albarka."